Ranar da Gawar Baba ta Jira Manya

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, akwai rana ɗaya da na san ba za ta goge daga kaina ba, ita ce ranar da aka binne mahaifina. Ba mutuwar ce ta tsaya mini a wuya ba. Baba ya daɗe yana jinya, mun ga alama, kuma wannan hanyar kowa ce. Abin da aka yi wa yayarsa a ƙofar gidanmu na Limawa, a nan Minna, shi ne har yau in na tuna ina cikin cin abinci sai in tsame hannu.

Baba ɗan Gbagyi ne, daga wani ƙauye da ke ƙetaren kogi. Iyayensu sun rasu ko yaye shi ba a yi ba, suka bar shi a hannun yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita kanta lokacin yarinya ce. Ita ta goye shi zuwa gona, ita ta tauna abinci ta sa masa a baki. Da ya isa makaranta, ita ta riƙa saɓo doya da itace a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, tana kawowa kasuwa don ya samu riga da littafi. Har ta tsufa akwai baƙin kanta a kafaɗar nan. Da karatu ya kawo shi Minna, sai ya zauna a gidan wani ɗan kasuwa, jikan mutanen da aikin jirgin ƙasa ya kawo garin, a can ya musulunta. Gwaggo kuwa Kirista ce, ta ci gaba da zuwa cocinta. An zuga ta ta yi fushi da shi, ta ce ita ba ta goyi yaro don ta yar da shi ba. Duk Sallah za ka gan ta da doya da kaji. Duk Kirsimeti mu za mu je ƙauye, kuma ba a taɓa akuyar bikin sai Baba ya iso ya yanka da hannunsa, don mu ma mu ci.

Malamin firamare ne shi tun asali, ya zama hedimasta, aka yi masa kansila, daga baya mutanen mazaɓarmu suka matsa masa ya tsaya takarar majalisar dokokin jiha. Sau biyu yana ci. Ba zan ce muku waliyyi ba ne, don Baba akwai taurin kai, kuma in ya fara faɗa sai ka ɗauka har yanzu 'yan aji uku ne a gabansa. Amma bai bar Limawa ya koma unguwar manya ba, bai ƙara wa gidanmu ko bene ba. Ya bi diddigi har aka gina ƙaramin asibitin haihuwa a mazaɓarsa, aka yi wa azuzuwa rufi, yara suka daina karatu a gindin mangwaro. Abu ɗaya ne ya gagare shi, gadar kogin ƙauyensu. Duk shekara sai ya tashi a zauren majalisa ya ta da maganar, har abokan zamansa suka laƙaba masa Onarabul Gada, suna dariya.

A shekarun nan zaurenmu kasuwa ne. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni na san irin tukunyar shayi da ƙosan da muke tashi da su tun duku-duku saboda masu zuwa gaisuwa. Cikinsu babu kamar Kawu, ƙanin mahaifiyata. Shi ne mai riƙe jaka, shi ne mai buɗe ƙofar mota, in Baba ya yi atishawa Kawu ne zai fara jin mura. Sai aka zo da wani shiri na karɓe gonakin manoman bakin gari a yanka wa manya filaye. Baba ya ce ba da shi ba, kuma bai faɗa a ɓoye ba. A zaɓen fid da gwani na gaba aka miƙa tikitinsa ga wani. Wallahi ko sati ba a yi ba zauren nan ya zama kango, har kaji suka fara kwana a ciki. Kawu kuwa washegari aka gan shi a ƙofar sabon ɗan takara, da sabuwar hula mai hotonsa.

Shekaru suka wuce, ciwon suga ya kwantar da Baba. Masu leƙo shi su ne tsofaffin ɗalibansa, da malamai 'yan fansho, da wasu mata 'yan kasuwa daga Sabon Gari da Barkin Sale. Daga cikin waɗanda suka zauna kujera ɗaya da shi a majalisa, ko manyan jam'iyyar da ya yi wa hidima, ban ga ƙeyar kowa ba. Gwaggo ta zo da rani ta yi jinyarsa, tana dama masa kunu tana yi masa faɗa da yarensu kamar yaro. Da ruwa ya sauka ta koma gona, ta ce tana gama shuka za ta dawo. A tsakiyar daminar nan, bayan sallar asuba, Allah ya karɓi abinsa.

Gwaggo ba ta da waya, sai na kira faston ƙauyen ya kai mata tasa, na faɗa mata. Ba ta yi kururuwa ba. Da irin Hausarta ta ce mini, "Yarinya na, ka gaya musu su jira ni. Ruwa ya cika, amma ni yana zuwa. Kafin rana ya yi tsaka zan iso. Fuskan shi kawai zan gani."

Na saka mayafi na leƙa zaure, inda maza suka taru. Ga mamakina Kawu ne a gaba, shi ke ba da umarni, mutumin da rabonsa da gidan nan har na manta. Na durƙusa na faɗi saƙon Gwaggo. Ya kalle ni kamar na yi saɓo.

"Ke, da hankalinki da karatunki? Ba a jinkirta gawar Musulmi. Da hantsi za a yi masa sallah, an riga an sanar. Ki ba ta haƙuri."

Limamin unguwa, dattijo mai sanyin hali, ya ce gaskiya ne gaggautawa ita ce mafi alheri ga mamaci. Ban yi musu ba, don ni ma abin da aka koya mini ke nan. Na koma na sake kiran wayar, na faɗa mata. Gwaggo ta ce, "To. Ku yi yadda addinin ku ya ce, kada ku saɓa saboda ni. Amma ni yana zuwa duk da haka." Ku riƙe wannan, don ita ba ta nemi a karya mata doka ba.

Aka yi masa wanka, aka sa masa likkafani, muka yi masa addu'a, aka fito da shi a makara aka ajiye a ƙofar gida. Ni ina tagar ɗakinsa da ke kallon titi. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, masu keke napep sun ajiye kekunansu, teloli sun rufe shago, an ja sahu har bakin kwata. Liman ya matsa gaba yana gyara rawani, sai wayar Kawu ta yi ƙara. Ya duba, ya zabura ya fita daga sahu. Na gan shi da idona yana riƙe da wayar da hannu biyu, yana rusunawa kamar mai wayar yana gabansa. "Ranka ya daɗe, ai dole. Sosai ma. Ai ba za a yi ba sai kun iso." Ya dawo yana haki, ya raɗa wa liman magana, sannan ya ɗaga murya ya ce a ɗan dakata, tawagar manya tana kan hanya don girmama marigayi.

Haka sahu ya watse, aka bar Baba a kwance a bakin titi. Ba a mayar da shi ciki ba, don kowane lokaci aka tambaya sai Kawu ya ce ai sun taso, ga su nan. Can sai ga mota da rumfuna da kujeru. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru masu laushi a inuwa, wasu ƙarti masu baƙin tabarau suka zo suka ja igiya suka tare layin. Rumfar ta manya ce. Makarar Baba tana gindin wata 'yar bishiyar dogonyaro, inuwar tana gudu, tsofaffin ɗalibansa suna matsar da shi suna bin ta. Aka kira azahar, aka yi sallah aka dawo. Masu haƙar kabari suka aiko cewa hadari yana haɗuwa, ruwa zai shiga ramin. Liman ya yi magana, ya sake yi, Kawu ya ce, "Malam, a yi haƙuri, sun iso shataletale." Ban san shataletalen wane gari ba ne.

A cikin gida jinina tafasa yake yi. Da safe an ce mini ba a jinkirta gawa, ga shi rana ta karkata. Amma sai wani tunani ya sanyaya mini rai: ko ba komai, wannan jinkirin zai sa Gwaggo ta riske shi. Na zauna ina roƙon Allah ya kawo ta kafin su.

Kuma ta riga su. Dab da la'asar wata maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ta ce ga Gwaggo can a bakin igiya an hana ta wucewa. Ban san sa'ad da na ratsa zaure na fita cikin maza ba. Na same ta tsaye, tsohuwa tukuf, zaninta jiƙe da laka har gwiwa, takalminta a hannu. Ta shiga kwale-kwale, ta taka ruwa, ta hau babur, ta hau mota, ta hau keke. A kafaɗarta akwai ƙunshin doya, don a wurinsu ba a zuwa gidan makoki hannu rabbana. Ɗaya daga cikin ƙartin nan yana kora ta da hannu yana cewa, "Mama, ba a talla a nan yau. Koma baya, manya na zuwa."

Na ɗaga igiyar nan na ce masa, "Wannan da kake kora ita ta goyi mai gidan nan. In akwai babba a layin nan yau, ita ce." Na kama hannunta na ja ta har gaban liman, duk idanu a kanmu. Na ce, "Malam, ga yayarsa ta iso. Tun hantsi ana jiran waɗanda ba su taɓa leƙo shi ba. A taimaka a shigar da shi zaure ta ga fuskarsa."

Liman bai yi wata-wata ba. Ya ce, "Babu laifi, 'yata. Ku ɗauke shi ku shigar." Maza suka sunkuya suka kama makara, suka ɗaga ta har ta kai gwiwa. Gwaggo ta sauke doyarta, ta goge hannuwanta a zani, tana shirin taɓa shi. A daidai lokacin jiniya ta ɓarke daga bakin layi.

Kawu ya taho a guje, babbar riga tana tashi. "Ku sauke! Ku sauke shi! So kuke su iso su tarar ba gawa? A ja sahu!"

Na ce, "Kawu, don girman Allah, ɗan lokaci kaɗan ne."

Ya ce, "Ke, shiga gida! Mace a cikin maza, ko kunya ba kya ji?"

Suka sauke shi. Mutanen nan suna ƙaunar Baba, na sani, wasu shi ya koya musu rubuta sunansu. Amma jiniya ta yi kuka, sai hannuwansu suka mutu. Liman ma ya sunkuyar da kai. Ƙartin suka tura mu gefe, ni da Gwaggo, har bayanmu ya bugi katanga. Motoci suka tsaya, manya suka fito suna gyara riguna, ƙamshin turare ya cika layin, masu kyamara suna ja da baya suna ɗauka. Sallar da aka hana Baba tun hantsi, kafin ka ce me an sallame. Aka saɓi makara. Da za a wuce ta gabanmu Gwaggo ta kutsa hannu tsakanin kafaɗun maza, ba ta samu komai ba sai bakin tabarmar da aka lulluɓe shi da ita. Ta kira shi da wani suna na yarensu wanda ban taɓa ji ba, sunan da ake kiransa yana goye. Aka wuce da shi.

Kada ku ɗauka manyan sun bi shi maƙabarta. Aka ce hadari, kuma wani taro yana jiransu. Talakawa suka tafi da shi, su kuma suka shigo tsakar gida yi wa mata ta'aziyya, da kyamarorinsu. Jagoransu na gane shi sarai, shi ne wanda ya sanar a bainar jama'a cewa an karɓe tikitin Baba. Ya tsaya gaban mahaifiyata ya gyara murya, ya ce jiha ta yi babban rashi, ya ce marigayi amininsa ne, ɗan'uwansa ne, ba su taɓa saɓawa ba. Ya ci gaba: "Wannan bawan Allah ya tashi maraya, ba uwa ba uba, ba shi da kowa a duniya. Shi kaɗai ya gina kansa."

Gwaggo tana zaune a ƙasa kusa da turmi, tana wanke lakar ƙafarta da buta. Ta ajiye butar ta dafa turmin ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ba haka ba ne. Yana da ni."

Mutumin ya juya ga Kawu ya ce, "Wace ce wannan?" Kawu, wanda ya sha cin doyar matar nan a gidan nan, ya ce, "Wata 'yar ƙauyensu ce, ranka ya daɗe."

Nan na manta da kunya, na manta da kyamara. Mahaifiyata tana mintsinina ina fizgewa. Na ce, "Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun asuba take hanya, ta ƙetare kogin da kuka yi ta yi masa dariya a kai. An ce mata ba a jiran kowa, ta yarda. Ku aka jira yini guda. Da kun ƙara jinkiri kaɗan, ko da kun ƙi zuwa gaba ɗaya kamar yadda kuka saba, da ta ga fuskar ƙanenta." Wasu mata suka kama salati, wasu suna cewa in yi shiru. Mutumin bai ko ji kunya ba. Ya yi murmushin nan nasu, ya ɗan rusuna wa Gwaggo ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ba da haƙuri," ga gicciye a wuyanta yana kallonsa. Suka juya suka fita, jiniya ta raka su. A labaran talabijin jawabinsa kaɗai aka nuna.

Abin da ya fi karya mini zuciya sai washegari ya zo. Da safe ina shara, Gwaggo ta kira ni ta zaunar da ni kusa da ita a ƙofar ɗakin Baba. Ta ce, "Kai ka gan shi kafin a rufe. Gaya mini, yaya fuskan shi? Ya rame? An aske mishi gemu? Bakin shi a rufe?" Na zauna ina kwatanta mata fuskar ɗan da ta raina, tun daga goshi har haɓa, har tabon da ke gefen girarsa, wanda ta ce lauje ne ya yanke shi a gona. Tana gyaɗa kai, idonta a rufe. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ce uffan a kan addininmu ba. Ta yi kwanakin makoki tare da mu, ta ɗauki takalminta ta koma. Kawu kuwa ya yi ta yawo da maganar cewa na kunyata dangi a gaban manya. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don darajar mahaifiyata.

Gwaggo ta ƙara wasu shekaru, ita ma cikin damina ta tafi. Ranar da za a binne ta motarmu ta lalace a hanya, ga kogi ya cika maƙil, mai kwale-kwale ya ce sai ruwa ya ɗan ja. Muka zauna a bakin gaɓa ni da ƙannena, rana tana tafiya, ina ce wa kaina shi ke nan, mu ma ba za mu gan ta ba. Sai yamma liƙis muka isa ƙauyen, jiƙe sharkaf. Muka tarar da coci cike, mutane zaune tun safe, mawaƙa har muryarsu ta dishe, ga akwatinta a gaba a buɗe. Faston ya taso ya tarbe mu a ƙofa. Ya ce, "Tun tana da rai ta sa na yi mata alkawari. Ta ce ko dare zai yi, kada a rufe ta sai 'ya'yan ƙanenta sun gan ta." Na tsaya a kanta da hijabina yana ɗigar ruwa, na kalli fuskarta iya son raina, babu wanda ya ce in yi sauri.

Daga ranar jana'izar Baba na koyi abin da ban karanta a makaranta ba. Ba addini ne ya hana Gwaggo ganin ƙanenta ba, liman ya ba da izini a gaban kowa. Tsoron masu jiniya ne, da kwaɗayin abin hannunsu. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ce mini dole ne, haka doka ta ce, sai in tsaya in ga ko dokar nan tana hawa kan mai mota kamar yadda take hawa kan mai tafiya a ƙasa. In ta lanƙwasa wa babba, to ba zan bari a karya talaka da ita a gabana ba, kuma ba zan tsaya neman izinin kowa ba kafin in buɗe baki.